Darasi na 6: Ƙiba da Aikin Zama

Idan ɗanmu ya sami aikin ofis a Tamale, bayan shekara biyu ya zo gida da tumbi, riga ta matse shi, mukan ce, "Madalla, birni ya karɓe shi." Amma ba kowace ƙiba ce lafiya ba. A asibiti muna ganin irin waɗannan 'yan'uwa, maza da mata, tun ba su kai shekara 45 ba suna kukan ciwon gwiwa, da haki, da yawan fitsari da dare. In an auna su, sai a tarar da hawan jini ko ciwon sukari.

Daga ina ƙibar take zuwa?

Abinci a jiki kamar itace ne a murhu. Manomi a Tolon ko Savelugu yakan ci tuwo ya ƙoshi, fartanya ta ƙone shi kafin azahar. Ma'aikaci kuwa yakan hau babur daga ƙofar gida har ƙofar ofis, ya zauna awa 8 a kujera. Da safe ya sha koko da sukari da ƙosai, da rana shinkafa da wake da taliya da mai, da dare ya ci tuwo irin kwanon manomi. Abin da jiki bai ƙone ba sai ya ajiye shi ya zama kitse, galibi a ciki. Kitsen nan yakan hana sukari shiga naman jiki, sai ya taru cikin jini. Zuciya kuma ta yi ta aikin da ya fi ƙarfinta. Ƙarshen abin yakan zama shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon ƙoda, ko makanta.

Ba 'yan ofis kaɗai ba ne. Tela, da direba, da mai zaman shago a kasuwar Aboabo, duk aikin zama suke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima.

Awo da igiya

Ba sai da sikeli ba. Ku yanki igiya daidai tsawonku, daga ƙafa zuwa ka. Ku ninka ta biyu, ku zagaya ciki da ita a saitin cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba, kitse ya yi yawa. Mai juna biyu ba ta yin wannan awo.

Me za a yi?

1. Tafiya da sauri minti 30 a rana, kwana 5 a mako. Da sassafe ya fi, kafin rana ta yi zafi.
2. Kada a yi awa guda a zaune ba a miƙe ba.
3. A rage malmalar tuwo, a ƙara miyar ayoyo, ko kuka, ko kuɓewa, ko zogale.
4. A sha ruwa maimakon lemon kwalba. Kwalba ɗaya tana da sukari wajen cokalin shayi 8.
5. A rage gishiri da magi, a koma ga daddawa.
6. A auna jini da sukari aƙalla sau ɗaya a shekara. Hawan jini ba ya sallama.

Kada ku sayi shayi ko ƙwayar rage ƙiba da ake talla a tasha. Kada kuma ku kashe kanku da yunwa. Mai nauyin kilo 90 in ya sauke kilo 5 kawai, jininsa da sukarinsa sukan sauka. Sannu ba ta hana zuwa.

Iyaye, in ɗanku ya fara ramewa don yana kula da kansa, kada ku ce matarsa ba ta ba shi abinci. Ku ƙarfafa su duka biyu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa kwano ɗaya yakan ishi manomi, amma ya yi wa ma'aikaci yawa?
2. Wa kuka sani mai aikin zama? Yaushe za ku nuna masa awon igiya?