Kafin Ka Kai Tsohuwar Fijo Gareji

Mai Fijo 504, irin wadda aka haɗa a Kaduna, fara tambayar ƙafarka. In ka taka birki ya yi laushi, sai ka yi ta bugawa kafin ya kama, iska ce ta shiga bututun man birki. In kuwa ka danne shi ka riƙe, ya riƙa nutsewa sannu a hankali, duba bayan tayoyi ko mai na yoyo. Ba ɗigo ko kaɗan? To robobin masta sun gaji, kuma wannan ba ya jiran albashi.

Motar da ke fizgewa gefe guda in an taka birki, sau da yawa tsohon tiyon birki ne ya toshe daga ciki, alhali waje lafiya ƙalau. Ƙarar ƙarfe kan ƙarfe kuwa, takalmin birki ya cinye.