Keɓaɓɓun Kalmomin Karatun Jami'a

1.0 Gabatarwa

Kowace sana'a tana da kalmomin da ta keɓanta da su. Marinan Ƙofar Mata suna da nasu, haka ma dukawa da 'yan koli na Kasuwar Kurmi, kuma baƙo ba ya gane cinikinsu sai ya koyi bakinsu. Karatu mai zurfi ma haka yake. Kalmomin da masu wani fanni suka ware, suka ɗora wa kowace ma'ana guda tsayayya, su ake kira keɓaɓɓun kalmomi. Mafi yawan waɗanda ɗalibin Hausa zai ci karo da su kalmomin gida ne da aka sauya wa aiki. A nan kuwa tarkon yake, domin ɗalibi yakan ɗauka ya san su tun yana goye.

1.1 Tushen Kalmomin

Tun kafin zuwan boko, makarantun cikin birnin Kano suna da nasu kalmomin ilimi. A makarantar allo akwai babbaƙu da farfaru da sauka, akwai kuma matakai irin su kolo da titibiri da gardi, har zuwa alaramma da gwani. A zaurukan ilimi na unguwanni irin su Madabo, mai karanta Risala ya san bambancin matani da sharhi da hashiya, ya kuma san ijaza, wato izinin da malami yake ba ɗalibi na karantar da littafi.

Jami'ar Bayero ma a cikin birni aka dasa ta. A shekarar 1960 ta fara a matsayin Kwalejin Ahmadu Bello, a harabar Makarantar Nazarin Larabci, ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962, sannan ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Da aka fara koyar da Hausa da Hausa a manyan makarantu, sai masana suka koma wannan rumbu suna ɗiba. Shi ya sa ake kiran babban rukunin da ya tattara sassa da yawa tsangaya, ake kuma kiran farfesa shehun malami. An tattara kalmomi masu yawa na harshe da adabi a Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990.

1.2 Kalmomin Tsarin Karatu

Zango a wajen fatake wuri ne na yada kaya a huta. A jami'a kuwa zangon karatu rabin shekarar karatu ne, wanda ake rufewa da jarrabawa. Kwas shi ne darasi guda da ake yi wa rajista a zango, kuma kowane yana da nauyinsa, wato yunit, gwargwadon sa'o'in da ake koyar da shi a mako.

Wannan nauyi shi ne ɗalibai suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A tsarin maki biyar, wanda ya ci 70 zuwa sama yana da A, maki 5. B maki 4. C maki 3. D maki 2. E maki 1. Wanda ya kasa kai 40 kuwa ba shi da komai. Alal misali, ɗalibi ya sami B a kwas mai yunit 2, ya sami D a mai yunit 3. Na farko ya ba shi 8, na biyu 6, jimilla 14. Idan aka raba da yunit 5, matsakaicin makinsa 2.8 ne. Da a kwas mai nauyin ya sami B ɗin, da ya tashi da 3.2. Tarin wannan lissafi na dukkan zanguna shi ake kira CGPA, kuma da shi ake yanke darajar takardar shaida. Kwas ɗin da aka faɗi, wanda ɗalibai suke kira kariyoba, sai an sake shi.

1.3 Kalmomin Nazari da Bincike

Jigo a lambu shi ne itacen da ake kafawa a ɗora masa guga don ban-ruwa. A adabi kuwa shi ne babban saƙon da waƙa ko labari ya rataya a kansa. Ɗalibin da aka tambaye shi jigon littafi ya shiga ba da labarin abin da ya faru daga farko zuwa ƙarshe, bai amsa tambaya ba, ko da ya cika shafi biyar. Salo shi ne hanyar da marubuci ya bi ya isar da saƙon. Har kalmar mahauta an aro: Abdulƙadir Ɗangambo ya kira tsarinsa na nazari gadon feɗe waƙa, domin waƙa ake shimfiɗewa a bi ta gaɓa-gaɓa.

Akwai kuma ra'i da ra'ayi, waɗanda harafi biyu kawai ya raba su a rubuce. Ra'ayi kowa yana da nasa. Ra'i kuwa tsararren bayani ne da masana suka gina a kan hujjoji, wanda mai bincike yake ɗora aikinsa a kai. Haka nan tarke ba zagi ba ne, ba kuma neman aibu ba. Auna aiki ne a fito da kyawunsa da rauninsa tare da dalili.

Kundi a wajen malaman zaure tarin takardu ne na sirri da ake ɓoyewa. Kundin bincike kuwa don a karanta shi, a kuma tuhumi mai shi, ake rubuta shi. A cikinsa akwai tsakure, wato taƙaitaccen bayanin aikin gaba ɗaya, da bitar ayyukan da suka gabata, inda ake nuna abin da magabata suka yi da giɓin da suka bari. Manazarta jerin ayyukan da aka dogara da su ne. Ɗaukar maganar wani ba tare da ambaton sa ba satar fasaha ce, kuma tana iya sa a soke kundi duka.

Wani lokaci masana sukan saɓa a kan kalma, kamar aikatau da fi'ili. Ya kamata malami mai jiran gado ya san duka biyun, amma a aji ya tsaya a kan wadda manhaja ta zaɓa, don kada ya rikita yara.

1.4 Tambayoyi

1. A bambanta ra'i da ra'ayi, tare da misali daga wani kwas na Hausa.
2. Ɗaliba ta sami A a kwas mai yunit 1, da C a mai yunit 3. A fitar da matsakaicin makinta.
3. A samo kalmomi uku na makarantar allo ko ta zaure da ake amfani da su a nazarin Hausa, a bayyana yadda ma'anarsu ta sauya.