Darasi Na 14: Sayen Motar Gida

A da, mota sai sarki, sai attajiri, sai babban ma'aikacin En'e. A 1975 aka buɗe ma'aikatar haɗa motocin Peugeot a Kaduna, Fijo 504 ta cika hanyoyinmu. Yanzu kuwa yawancin motocin da mu ke saye na hannu ne. An hau su a Turai ko Amurka, sa'an nan aka kawo su cikin jirgin ruwa zuwa Ikko ko Kwatano.

Kuɗin mota ba ƙanana ba ne. Wani sai ya sayar da shanu, wani ya tara amfanin gona na shekaru. In bai yi hankali ba, ya yi hasararsu a yini guda.

Lissafi tun daga gida

Mota kamar doki ta ke. Sayenta rana ɗaya, ciyar da ita kullum. Tana shan fetur da baƙin mai, tana cin taya. Kowace shekara kuma sai an sabunta takardunta da inshora. Da aka janye tallafin fetur a Nijeriya a 2023, kuɗin mai ya hau ƙwarai. Saboda haka mu nemi mai ƙaramin inji, wadda kayan gyaranta su ke kusa, kamar Toyota Corolla ko Golf. In mun raba kuɗinmu kashi 10, mu saya da kashi 8, mu ajiye 2 don gyara.

Duban mota

Gani ya kori ji. Mu tafi da rana, kada mu duba mota da dare. Mu tafi da makanikenmu, ba na dillali ba. Mu sa a tashi injin yana sanyi, mu tsaya a baya mu dubi hayaƙi. In ya fito shuɗi-shuɗi, injin yana ƙona baƙin mai. Mu zaro sandar awon mai. In man ya yi kama da shayi mai madara, ruwa ya shiga inji, gyaransa kuwa da tsada. Sa'an nan mu hau ta, mu gwada birki da giya.

A gefen taya akwai lambobi huɗu a jere. In mun ga 2319, watau an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya ta kan fashe a tafiya, ko da zanenta bai suɗe ba.

Ciniki

Dillali ba abokin gaba ba ne, amma la'ada ya ke nema. Mu zaga wuri uku ko huɗu mu ji kuɗi kafin mu taya. Kada mu nuna motar ta shiga ranmu, kada kuma mu faɗi abin da ke aljihunmu. Mu taya ƙasa da abin da za mu iya biya. In ya ce, "Albarka," mu nuna masa aibin da makanike ya gani, mu ƙara kaɗan. In ya ce wani na zuwa da kuɗi yanzu-yanzu, mu yi masa sallama mu tafi. Mota ba ta ƙarewa a kasuwa. Tun kafin a sallama, mu tambaya: wa zai biya la'ada, nawa ce kuma?

Takardu

Nan ne mutane da yawa su ke faɗawa rami. Kowace motar zamani tana da lambar jiki, haruffa da lambobi 17. Mu karanta su ɗai-ɗai, mu gwada da na takardar kwastan. In ko ɗaya ya saba, mu bar ta. Motar da ba a biya mata kuɗin fito ba, kwastan na iya kama ta a hanya. Ta sata kuwa ta kai mutum gidan yari. Araha ba ta ado.

In ciniki ya faɗa, a rubuta yarjejeniya: sunan mai sayarwa, lambar mota, kuɗi, da kwanan wata. Shaidu biyu su sa hannu. Kada mu dangwala yatsa a takardar da ba mu karanta ba.

Tambayoyi

1. Don me za mu ajiye kashi 2 na kuɗinmu?
2. Mene ne ma'anar 2319 a jikin taya?
3. Me za a rubuta a cikin yarjejeniya?