Amsoshin Tambayoyinku: Tsakanin Filin Jirgin Tamale Da Na Wa

Wani mai sauraronmu daga Chereponi yana tambayar nisan da ke tsakanin filin jirgin saman Tamale da na Wa, a arewacin Ghana.

To malam, a miƙe ta sama nisan bai kai kilomita 200 ba. A mota kuwa ya kusa kilomita 300, domin hanyar ta yi gwiwa. Daga Tamale za a fara yin kudu zuwa mararrabar Fufulso, sannan a juya yamma ta Damongo da Larabanga, garin nan mai tsohon masallacin ƙasa, a ɓulla Sawla, daga nan a hau arewa har Wa. Awa huɗu zuwa biyar ke nan, in mota ba ta ba da matsala ba.

Amma in jirgi za ka hau, kai da kake Chereponi, Tamale ce taka. Ka biyo ta Yendi, wadda ke kusan kilomita 100 daga Tamale. In ma aikin hajji za ka, tun 2016 alhazan arewa ke tashi daga filin Tamale kai tsaye zuwa ƙasa mai tsarki, sun huta da doguwar tafiyar Accra.

In da damina ce, don Allah ka kwana a Tamale kafin ranar tashinka, saboda ruwan sama kan ɓata hanyar Chereponi.