Busar da Lemun Tsami a Zongon Kumasi: Abin da Za Ki Yi da Wanda Ba Za Ki Yi Ba

Uwargida, babbar matsalar mai shanya a Kumasi ita ce laima. Garin nan cikin kurmi yake, damina biyu yake yi a shekara: babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Abin da iyayenmu suka saba da shi a Kano ko Bawku, inda ake yanka kuɓewa a baza ta a bar rana ta yi aikinta, ba ya yiwuwa a Aboabo ko Asawase sai cikin 'yan makonni. Lemun tsami kuma ya fi kuɓewa wuyar bushewa nesa ba kusa ba. Don haka ki bi waɗannan sharuɗɗa, ko ki bar aikin gaba ɗaya.

Kada ki fara shanya don kawai lemu ya yi araha a kasuwar Kejetiya. Ki jira hunturu, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, lokacin da leɓe ke tsagewa, wanki kuma ya bushe kafin azahar. Idan arahar ta zo ana tsakiyar ruwa, ki matse lemun, ki tace, ki zuba a farantin ƙanƙara ki sa a firiza. Ya fi miki asarar kwando guda.

Kada ki ɗauka firizar gidanki ita ce injin da kike gani a bidiyon waya, inda ake fito da yankan lemu kore shar, busasshe ƙayau. Wancan injin daban ne. Yana daskarar da abinci har sanyin ya kai wajen digiri 40 ƙasa da sifili, sannan famfo ya zuƙe iskar cikinsa, sai ƙanƙarar ta riƙa tashi ta zama tururi ba tare da ta narke ba. Shi ya sa launi da ƙamshi suke tsayawa. Zubi ɗaya yana cin yini da kwana, wani lokaci har kwana biyu, injin na aiki ba tsayawa. Kuɗin na gida ya kai dala 2,000 ko fiye, ban da na jirgi da na kwastan a Tema. Wadda ta ga dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki na 2014 da 2015, ta san abin da zai faru idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki: ƙanƙara ta narke, lemu ya jiƙe, a koma farko. Kuma ko an gama lafiya, abin da aka busar ta wannan hanya yana zuƙar laima nan take da zarar ya sha iskar Kumasi. Idan ba sana'a za ki kafa da janareta da jari ba, kada ki taɓa kuɗin adashinki saboda shi.

Ki bi hanyar da mutanen Oman, Iraƙi da Iran suka daɗe a kanta. Duk wadda ta je aikin Hajji ko Umara ta ci shinkafar kabsa ta ga wani baƙin abu mai kamar goruba ƙarama a cikin tire. Lemun tsami ne busasshe. Larabawan Tekun Fasha suna ce masa lumi, a Iraƙi numi Basra, a Iran kuwa limu Amani. Gishiri da rana ne kaɗai jarinsa, kuma irin lemun da suke yi da shi shi ne irin namu, ƙarami mai siririn ɓawo, wanda ake nomawa a Asebu da Abakrampa kusa da Cape Coast, inda kamfanin L. Rose na Birtaniya ya riƙa matse ruwansa tun zamanin Turawa.

Ki zaɓi ƙananan, masu santsi, masu nauyi a hannu. Kada ki ɗauki babba mai kaurin ɓawo, domin cikinsa zai ruɓe kafin bayansa ya bushe. Wanda ya fashe, ko ya yi tabo mai laushi, ko ƙasan buhu ya danne shi, ki ware shi a sha yau. Kada mai sayarwa ta cika miki gyara da irinsa ki ce ai bushewa zai yi.

Ki wanke shi tas da ruwa mai tsafta. Ki tafasa ruwa da gishiri, babban cokali ɗaya a kowace lita, ki zuba lemun ya yi minti 3 zuwa 5, ki tsame ki jefa a ruwan sanyi, sannan ki tsane shi da tsumma mai tsafta. Kada ki tsallake wannan tafasar, ita ce ke sassauta ɓawon ruwa ya samu hanyar fita. Kada kuma ki bar shi a wuta har ya fashe.

Wurin shanya shi ne inda aka fi yin ɓarna, don haka ki saurara da kyau. Gidajenmu na haya tsakar gida ɗaya ce ga ɗaki goma: ga igiyar shanya tana ɗiga, ga kaji, ga yara da ƙwallo, ga kwata a bakin ƙofa da ƙudajenta. Kada ki shanya a ƙasa, ko da a kan buhu ne. Kada ki baza lemu, musamman yankakke, kai tsaye a kan kwanon rufi. Tsaminsa yana cin ƙarfen, abin da ya ci kuma a tukunyarki zai ƙare. Ki sami faifai ko babban matankaɗi, ki ɗora a kan benci ko tebur yadda iska za ta ratsa ta ƙasa, ki jera lemun kada wani ya hau wani. Ki rufe da farin yadi mai shara-shara saboda ƙura da ƙuda. Kada ki kuskura ki rufe da gidan sauro irin wanda ake rabawa a asibiti. Maganin kashe sauro ne a jikinsa, ba a yi shi don ya taɓa abinci ba.

Ki juya shi kullum. Ki shigar da shi ɗaki kafin magariba, domin ko a hunturu raɓa tana sauka a Kumasi, kuma raɓar dare ɗaya tana mayar da aiki baya.

Kada ki yi gaggawa. Lemu ɗungurungum yana cin mako uku, huɗu, ko fiye. Da farko zai yi rawaya, sai ruwan ƙasa, daga baya ya yi duhu. Launi ba shi ne shaida ba. Ki ɗauki ɗaya: ya zama ba nauyi, ya yi tauri yadda yatsa ba zai lotsa shi ba, idan kin girgiza shi kusa da kunne ki ji 'ya'yan suna ƙara. Ki fasa ɗaya ki duba. Idan cikin yana danƙo, da saura. Wadda ba ta da wannan haƙuri ta yanka shi sirara ta cire 'ya'yan, zai bushe cikin kwanaki. Mai oben kuma ta sa shi a wuta mafi ƙasa, wajen digiri 60 zuwa 70, ta bar ƙofar a ɗan buɗe.

Idan kin yanka lemu da yawa, ki wanke hannu da sabulu kafin ki fita rana. Ruwan ɓawonsa idan ya haɗu da hasken rana yana ƙona fata, har ta yi bororo ta bar baƙin tabo na watanni. Kada ki sa yara wannan aikin a tsakar rana.

Ki san bambancin gishiri da fumfuna. Gishiri yana fitowa fari mai garas-garas a bayan ɓawo, ba laifi. Fumfuna kuwa tana da gashi-gashi, fara ko koriya, da warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Wanda ya yi ta, a zubar. Kada ki goge ki mayar cikin sauran, kada ki ce wuta za ta kashe.

Ki adana a kwalba busasshiya mai murfi ƙam, a inda rana ba ta kaiwa. Ban da leda, ban da kusa da murhu ko randa. Idan ruwan Afrilu ya sauka ki buɗe ki duba, wanda ya fara laushi ki yi amfani da shi da wuri.

A girki kuma, kada ki cika hannu. Ɗaya ko biyu sun ishi tukunyar gida. Ki huda shi da tsinken tsire wuri biyu ko uku, ki jefa a farfesun kifi, ko na kayan ciki, ko dafa-duka tun ruwa bai tsotse ba. Yana kashe ƙarni, yana ba da tsami mai zurfi da ƙamshin da ɗanyen lemu ba shi da shi. Idan ya yi laushi ki danna shi da ludayi a jikin tukunya, ki tsame kafin ki raba abinci. Idan gari kike so, ki fasa, ki tsince 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya domin su ne ɗacin, ki daka kaɗan wanda zai yi miki mako biyu. Ɗan barbaɗe a yajin tsire, ko gutsure ɗaya a tukunyar sobolo, lamurje ko shayi, ya wadatar.

Kada ki sa shi a miyar ayoyo ko ta kuɓewa. Tsami yana kashe yauƙi, tuwon zafi kuwa ba ya tafiya da tsinkakkiyar miya. Kada ki jefa shi a tukunyar wake da shinkafa wake bai nuna ba. Tsami yana hana wake laushi, kuma yana warware aikin kanwar da kika sa. Kada ki haɗa shi da madara. Abincin da ya sha tsami kuma kada ya kwana a tukunyar alminiyam, ki juye shi a wani mazubi.

Kada ki mayar da shi magani. Tafasa da rana sun cinye yawancin bitamin C ɗin da ke ciki, abin da ya rage kayan ƙamshi ne. Yaro mai zazzaɓi asibiti za a kai shi a yi masa gwajin jini. Mai gyambon ciki kuma ta yi hankali da shi kamar yadda take yi da ɗanyen.

Idan aikin ya yi kyau har maƙwabta suka fara tambaya, kina so ki zuba a kwalba ki kai shaguna, ki je ofishin hukumar abinci da magunguna ta Ghana, FDA, ki yi rajista tukuna. Ko na gida ne, ki rubuta watan da kika busar a jikin kwalbar. Wanda ya haura shekara ƙamshinsa ya ragu sosai, ki zubar da shi ki yi sabo a Disamba.