TAFIYA MABUƊIN ILIMI: Abin da Gaɓar Binuwai da Karkarar Yola Suka Koya Mini Game da Hausa

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana na cewa gani ya kori ji. A aji an sha gaya mana cewa Hausa ita ce harshen hulɗa a mafi yawan arewacin Nijeriya, mu kuwa mu rubuta, mu haddace, mu zuba a takardar jarrabawa. Ban san nauyin wannan magana ba sai a watan Janairun 2024, lokacin da wani abokina ɗan ajinmu, Bafillacen Yola, ya gayyace ni hutu gidansu. Ni Babarbare ne, da Barbarci na buɗi baki, Hausa kuwa a makaranta da kasuwa na tsince ta. Saboda haka na tafi da littafi da biro da niyya guda: in tattaro “kurakuran” Hausar mutanen Adamawa domin aikin jinga da aka ba mu a darasin walwalar harshe. Wannan maƙala za ta bi sawun tafiyar zango-zango, ta nuna abin da ɗalibin harshe zai iya tsinta a hanya, da kuma dalilin da ya sa na soke kalmar “kurakurai” daga kan aikina.

2.0 Daga Maiduguri Zuwa Jimeta

Mun bi ta Biu, muka gangara Garkiɗa da Gombi. Wanda ya tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Barno irina, dole ya saki baki idan ya iso yankin Song, inda wasu duwatsu uku suke tsaye a jere, waɗanda ake yi wa laƙabi da ’yan’uwa mata uku. Daga nan sai Girei, inda Jami’ar Modibbo Adama take, sai kuma doguwar gadar da ta ratsa Binuwai ta sauke mu a Jimeta.

Abin da na fara lura da shi a cikin motar shi ne yadda harshe yake sauyawa da fasinja. Wata mata ta yi wa ɗanta faɗa da harshen Bura, wasu dattawa biyu suna hira da Fulatanci, amma da rigimar canji ta tashi tsakanin kwandasta da wani fasinja, kowa da Hausa ya sa baki. Wannan shi ne ma’anar harshen hulɗa a aikace: harshen da ake komawa gare shi idan ana son kowa ya ji.

3.0 Gari Biyu, Tarihi Ɗaya

Baƙo yakan ɗauka Yola gari ɗaya ce, alhali biyu ne. Akwai tsohuwar Yola inda fadar Lamiɗo take, akwai Jimeta a bakin kogi inda ofisoshin gwamnati da babbar kasuwa da filin jirgin sama suke. Tsakaninsu tafiyar da ba ta kai rabin awa ba ce a Keke Napep.

Modibbo Adama, wanda ya yi karatu a Barno kafin ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa Yola a 1841, bayan ya zauna a Gurin da Ribaɗu. Ya rasu a 1847. A watan Yunin 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso garin daga Kukawa, amma Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan ’yan kwanaki. Turawan Ingila sun ci garin da yaƙi a 1901, zamanin Lamiɗo Zubairu. Jimeta kuwa ta bunƙasa ne a matsayin tashar jiragen ruwa da kamfanonin Turawa, abin da ya jawo fatake da ’yan ƙwadago daga ƙasar Hausa da sauran wurare. An ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976, aka raba ta a 1991, Adamawa ta fito.

Wannan tarihi yana nan a kunne har yau. A ƙofar fada da lungunan tsohuwar Yola na fi jin Fulatanci: “Jaɓɓaama” idan ana yi maka maraba, “Useko” idan ana godiya. A kasuwar Jimeta kuwa Hausa ce ke ciniki.

4.0 Sunayen Unguwanni

Ga ɗalibin harshe, allunan gefen titi littafi ne kyauta. Mahaifin abokina, wanda ni ma nake kira Baffa, shi ya zauna da ni ya warware mini wasu sunaye. Na kasa su gida uku.

Kashi na farko su ne na Fulatanci tsantsa. Ita kanta Yola daga “yoolde” ta fito, wato tudu. Luggere na nufin kwari ko wuri mai zurfi. Rumde shi ne abin da Bahaushe ke kira rinji, wato ƙauyen noma da bayi ke zama a da. “Wuro” gari ne, “maayo” kuma kogi, kamar a Mayo Belwa.

Kashi na biyu su ne masu ɗafa-ƙeyar Hausa ta “-awa”, wadda ke nuna jama’ar wani mutum ko wuri ko sana’a: Limawa, Alkalawa, Gwadabawa. Duka a Jimeta suke. Babban misali shi ne sunan jihar: Adama + awa, wato mutanen Adama. Su Fulanin da “Fombina” suke kiran ƙasar, ma’ana kudu.

Kashi na uku su ne na gamin gambiza. A tsohuwar Yola akwai Wuro Hausa, wato unguwar Hausawa da bakin Bafillace. Akwai kuma Nassarawo da Adarawo, waɗanda a ganina Nasarawa da Adarawa ne aka lanƙwasa musu ƙeya domin su dace da “wuro”.

Darasin a nan shi ne, sunan wuri yakan riƙe shaidar waɗanda suka zauna a cikinsa, ko da bakin mazaunansa na yau ya sauya. Shi kansa Binuwai, Barth ya rubuta cewa daga harshen Bata sunan ya fito, ma’anarsa uwar ruwaye. Bata kuwa suna cikin mutanen da Fulani suka tarar a wannan kwari.

5.0 Yini Guda a Bakin Kogi

Ranar da ta fi zauna mini a rai ita ce wadda muka sauka ƙarƙashin gada ta wajen Doubeli da sassafe, hazon hunturu ya rufe ƙetare. Kogin da ke tasowa daga tsaunukan Kamaru, ya ratsa Garwa, ya yi tafiyar kimanin kilomita 1,400 kafin ya haɗu da Kwara a Lakwaja, a rani sai ka tarar ya janye ya bar rairayi fari fat. Masu haƙar yashi na loda tifa, ’yan wanki sun shanya kaya, masu lambu sun bi danshin gaɓa da shuka.

Wani dattijo masunci ya yarda ya tsallaka da mu a kwalekwalensa. Ina jin ya ce, “Jiya munka kama tarwaɗa da dama,” sai na ɗaga kai. “Munka” a Jimeta? Na ce, “Baba, daga ina asali?” Ya ce kakansa ne ya biyo ruwa daga ƙasar Kabi, su Sarkawa ne. Ga shi an haife shi a nan, yana jin Fulatanci, amma karin harshen yamma bai bar bakinsa ba. Daga gare shi na cika shafi biyu da kalmomin su: birgi, taru, mamari, gora, filafili, da sunayen kifi irin su karfasa, ragon ruwa, gargaza da giwan ruwa. Wasu daga ciki ban taɓa jin su a aji ba.

Ya kuma nuna mana da filafilinsa inda ruwa ya kai a 2012 da 2022, shekarun da ambaliya ta ci gidaje da gonaki bayan an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka kammala a 1982. Ya ce, “Binuwai in ta kawo, ba ta sallama.” A lura da wannan “ta”. Kalmar “kogi” namiji ce, amma sunayen koguna da na garuruwa a Hausa tamata ne: Kwara ta cika, Yola ta yi zafi. Ka’idar da na yi ta faɗuwa a kanta a jarrabawa, a cikin kwalekwale ta zauna mini.

6.0 Karkara da Ƙwaryar Nono

Kwana biyu bayan haka Baffa ya ɗauke mu zuwa gonarsa. Mun fara biyawa ta tafkin Geriyo, inda manoman rani ke shuka shinkafa da kayan lambu, sannan muka miƙa kudu, duwatsun Verre suna hango mu. A wata fadama na ga dawar rani kore shar a kan baƙar ƙasa mai tsattsagewa. Na ce, “Ai wannan masakwarmu ce!” Baffa ya yi dariya ya ce su “muskuwaari” suke ce mata. Kalma ɗaya ce, ta yi tafiya tare da irin shuka. Haka ma sarautun Galadima da Kaigama da Yarima, daga Barno suka bazu.

A nan ne na yi abin kunyar da ya sauya mini tunani. Mun tsaya gindin wata tsamiya wurin wata dattijuwa mai tallar fura da nono. Tana dama mana fura tana cewa, “Yarinyan ya tafi rafi, shi ne ya ɗauki babban ludayi.” Ni kuwa da rawar kan ɗan jami’a na ce, “Goggo, ‘yarinyar ta tafi’ ake cewa.” Ta dube ni, ba ta tanka ba. Can na miƙa ƙwarya na ce ta ƙara ɗebo mini nono, sai dai a bakina “debo” ta fito. Ta ajiye ludayi ta ce, “Sake faɗi, ɗana.” Na sake. Ta tafa hannu ta ce, “Ashe Babarbare ne! Bawana, je ka nemo ‘ɗa’ ɗinka tukuna, sannan ka zo ka gyara mini ‘ta’.” Kowa ya fashe da dariya, domin akwai wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari. Da muka koma mota Baffa ya ce mini a hankali, “Matar nan harshe uku take ji, ba ta taɓa shiga aji ba. Da Hausar nan da ka raina take ciyar da gidanta.”

7.0 Nazarin Abin da Na Tattaro

Da na natsu na duba littafina, sai na ga abin da na kira kurakurai yana da tsari.

(a) Jinsi. Fulatanci ba ya raba namiji da tamata a nahawu. Yana da azuzuwan suna fiye da 20, kuma wakilin suna “o” na ɗaukar shi da ita. Barbarci ma “shi” ɗaya gare shi ga mace da namiji. Shi ya sa “ya” ke maye gurbin “ta”, kuma “-n” ke maye gurbin “-r”: “motan Baffa”, “rigan”. Ana samun irin wannan a Hausar Jos da ta Gana.

(b) Furuci. Fulatanci na da baƙaƙe haɗiyau /ɓ/ da /ɗ/, don haka ba sa ba Bafillace wahala. Amma ba shi da tunkuɗau /ƙ/ da /ts/, kuma asali ba shi da /z/. Sai a ji “kasa” a wurin “ƙasa”, “soro” a wurin “tsoro”, “jo” a wurin “zo”, musamman a bakin dattawan karkara. Barbarci kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin masu ƙugiya, shi ya sa ni da ire-irena muke haɗa “daki” da “ɗaki”, “bari” da “ɓari”.

(c) Aro. Ba Hausa kaɗai ke bayarwa ba, tana karɓa. Kawu, goggo, baffa, hubbare, modibbo, arɗo da burtali duk daga Fulatanci suka shigo, kuma sun zauna daram har Bahaushe ba ya jin baƙuncinsu.

Ke nan kowane mai koyon harshe na biyu da ma’aunin harshen uwarsa yake auna shi. Wannan ba ya nufin a yi watsi da daidaitacciyar Hausa. A rubutu da aji da gidan rediyo wajibi ne mu kiyaye jinsi da ƙugiya, domin “baki” da “baƙi” ba ɗaya ba ne. Amma aikin mai nazari shi ne ya bayyana abin da mutane ke faɗi da dalilinsa, ba ya bi su kasuwa da jan biro ba.

8.0 Kammalawa

Ga ’yan’uwana ɗalibai da za su fita hutu, ina ba da shawara huɗu. Na ɗaya, a rubuta magana yadda aka ji ta, kada a gyara. Na biyu, a rubuta wuri da rana, da harshen uwar mai maganar da kimanin shekarunsa. Na uku, a nemi izini kafin a ɗauki muryar mutum a waya. Na huɗu, a tambayi dattawa ma’anar sunayen unguwanni da gonaki da rafuka, domin matambayi ba ya ɓata.

Ga ire-irena kuma da Hausa ba harshen uwarsu ba ce, kada dariyar aji ta sa mu yi shiru. Na daɗe ina ɓuya a kujerar baya don tsoron “ta” da “ya”, kuma na gane cewa wannan tsoron ne ya sa na yi gaggawar gyara wa wata. Aikin jingar da na miƙa daga baya sunansa “Wasu Siffofin Hausar Jimeta da Kewaye”. Har yanzu kowace safiya nakan maimaita “ɗaya, ɗaki, ɗebo” sau goma, domin na yi wa Goggo mai nono alkawarin komawa. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.