Riƙon Kyanwa a Kanti

Kai mai kanti, ko a Ikara ka ke, ko a Makarfi, ko a Hunkuyi ta ƙasar Kudan, ka san ɓarnar ɓera. Ƙasar nan ta rake ce da masara da dawa, inda abinci ya yi yawa kuwa nan ɓera ya ke tarewa. Ya huda buhun gari, ya ci mazarƙwaila, ya gaigayi sabulu, har kuɗin takarda bai bari ba. Amma asarar kaya ita ce ƙarama. Akwai wani irin ɓera wanda fitsarinsa da kashinsa su ke ɗauke da zazzaɓin Lassa. An fara gane ciwon nan a garin Lassa na ƙasar Borno cikin 1969, yana kuwa kisa. In ɓeran nan ya yi fitsari cikin garin kwakin da ka ke aunawa, ka sayar wa mutane ciwo ke nan ba ka sani ba.

To, ga kyanwoyi nan barkatai a bayan kasuwa, ba mai su, yara na jifansu. A Ingila akwai gidajen da a ke tara irinsu. Wani yana Landan, a unguwar Battersea. An kafa shi cikin 1860 domin karnuka, cikin 1883 ya fara karɓar kyanwoyi. Mutum ya kan ɗauki guda ya riƙe a gidansa, har a sami wanda zai karɓe ta ɗungum. Mu nan ba mu saba da irin gidan nan ba, amma mun san riƙo. Wanda aka ba shi ɗan riƙo, ci da sha da kwanansa duk a wuyansa su ke. Haka kyanwa.

Ran da ka kawo ta, kada ka sake ta. Ka ajiye ta a ɗakin kaya kamar mako biyu, da ruwa, da tsumman kwanciya, da kasko cike da yashi inda za ta yi bayan gida, nesa da abin sayarwa. Kullum a zubar a sake sabo, a wanke hannu da sabulu. Mace mai ciki kada ta yi aikin nan, gama cikin kashin kyanwa a kan sami ƙwayar cutar da ke taɓa ɗan da ke ciki.

Waɗansu suna cewa wai a bar ta da yunwa domin ta yi farauta. Wannan magana ba ta da kai. Kyanwa ko ta ƙoshi ba ta ganin ɓera ta ƙyale, halinta ke nan. Yunwa kuwa korarta ta ke yi, ta koma gindin mai tsire, ko ta shiga satar kifin da ka kasa. Ka ba ta guntun nama, da kan kifi dafaffe, da ɗan tuwo in ta so, safe da yamma. Madarar shanu ta kan sa yawancinsu gudawa, ruwa ya ishe ta. Malamai ma sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta domin ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuwa sake ta ta nema ba.

Abu biyu ke kashe kyanwar kanti. Na fari shinkafar ɓera. In ɓera ya ci guba, ita kuma ta ci shi, gubar ta shige ta. Saboda haka in ka ɗauki kyanwa, sai ka bar guba ka koma tarko. Na biyu maganin mutane. Ƙwayar farasitamol guda tak ta isa ta halaka ta, ko da nufin alheri ka ba ta. In ta yi rashin lafiya, likitan dabbobi za ka nema, shi ne kuma zai yi mata allurar ciwon haukan kare, gama kyanwa ma tana kamuwa da shi. Wanda ta ciza ko ta yagusa, ya wanke wurin da sabulu ƙwarai, ya tafi asibiti.

Kada kuma ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Ƙananan ɓeraye ta ke kamawa, gafiya sai tarko. Gari da shinkafa a sa su cikin mazubi mai murfi, a toshe ramuka da siminti, a share tsaba kafin a kulle.

Saura zancen haihuwa, nan ne masu kanti su kan gaji. Cikin kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, ta kan haifi uku zuwa biyar, ta kan kuwa yi sau biyu ko uku a shekara. 'Ya'yan su kan buɗe ido bayan kamar kwana goma. Kada ka raba su da uwa sai sun cika mako takwas, suna cin abinci da kansu. Tun suna shan nono ka fara cigiyar masu so: mai rumbu, da mai injin niƙa, da maƙwabcinka mai sayar da hatsi. In ba ka son ta ƙara haihuwa, likita ya kan yi mata aiki ta daina. Jami'ar Ahmadu Bello tana da asibitin dabbobi a Samaru ta Zariya, daga Hunkuyi ko Makarfi kuwa ka je ka dawo a yini guda.